Ni Na Koya Masa Kada Ya Tambayi Kowa

Assalamu alaikum masu karatu. Don Allah a ɓoye sunana, kuma a karanta har ƙarshe kafin a zage ni, domin na gaji da zagin kaina.

Ina koyar da aikin gini a wata makarantar fasaha. Karatuna bai yi nisa ba, aikin hannu na iya. An ɗora mini wani darasi kan yadda aikin injiniya ke shafar jama'a, ni kuwa ban taɓa koyar da shi ba. Lokacinsa na yi sai in kwashe ɗalibai mu tafi kwaɓa siminti. Wani ɗalibina, bari in kira shi Kabiru, ya taɓa tambayata, "Malam, yaushe za mu fara wancan darasin?" Na ce, "Surutu ne. Injiniya da ma'auni yake magana, ba da 'yan zaman majalisa ba." Aka yi dariya, har da ni.

Da sojoji suka koma bariki, sabon kansila ya kawo aikin shafe lungunmu da siminti a Dukawuya, kuma Kabiru, wanda lokacin ya gama karatu ya kama aiki, aka ba. Ya auna, ya zuba, bai shiga zauren kowa ba. Aiki ya yi kyau, sai dai lungun ya fi dokin ƙofofinmu tudu. Gidajenmu na ƙasa ne. Ruwan da a da indararo ke zubarwa ya gangara kududdufi, bana cikin gidaje ya koma. Ɗakin Inna Yalwa, tsohuwar da ke maƙwabtaka da ni, ya rufta. Allah ya sa tana tsakar gida. Yanzu a ɗakin matata take kwana, kullum tana sa mini albarka. Ina zan sa kaina?

Mai unguwa ya kira taro ranar Juma'a, za a kai ƙarar Kabiru wurin aikinsa. Ya ce da ni, "Malam, kai ne masani, kai za ka faɗa mana laifin wa." Jiya Kabiru ya same ni, ya durƙusa ya ce, "Malam, wallahi yadda ka koya mini na yi." Ba gori yake mini ba, kariya yake nema.

In na ce laifinsa ne, aikinsa ya tafi. In na faɗi nawa, maganar za ta kai makaranta, kuma Inna Yalwa za ta san a gidan wa take kwana. Barci ya gagare ni, abinci ba ya shiga.

Jama'a, me zan yi?