Ka Hana Zamani Komawa Dutsen Matsirga

Kafanchan,
2 ga Mayu, 1974.

Zuwa ga Yaya Alexander,

Gaisuwa mai yawa a cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Ina fata kana lafiya, kai da Anti Lucy da yara, da kuma aikin wanke hotuna a can Legas. Allah ya ƙara maka ƙarfi. Mama tana nan da sauƙi, sai ƙafar nan da ke damunta in hadari ya haɗu. Ruwa ya sauka, mutane sun fara shuka citta. 'Yarmu Bernice ta shiga aji ɗaya, ni kuma cikina ya shiga wata na bakwai.

Yaya, ban taɓa rubuto maka da hannuna ba, kullum ƙanenka Zamani ke saka gaisuwata a ƙarshen takardarsa. Yau hannunsa na dama yana ɗaure. Tun da ka aiko masa da kyamarar nan, duk Asabar yana daji bin tsuntsaye, ban kuma taɓa hana shi ba, domin ya fi zama gidan burkutu. In ka dawo masa da hotuna, yakan karanta mini abin da ka rubuta a bayansu. Ka ce zalɓen nan ya fito kamar ƙuda a jikin bango, ya riƙa matsawa kusa. Ka ce ya bar rana a bayansa, ya riƙe numfashi kafin ya danna. A kan hoton shaho kuwa ka ce wanda ya tsaya a ƙasa cikin tsuntsu kawai zai samu, sai ya hau daidai da idonsa. Na san gyara kake yi masa, amma ka san yadda yake ɗaukar maganarka, kamar daga bakin Baba mai rasuwa ta fito.

Shahon nan ya yi sheƙa a jikin dutse, gefen inda ruwan Matsirga ke zubowa. Ranar Asabar da ta wuce Zamani ya fita da sassafe, ya ce zai dawo kafin in sauke tuwon rana. Rana ta yi tsaka, ta karkata, shiru. Ina tsaye a bakin ƙofa sai na hango maza huɗu ɗauke da mutum a kan ƙyauren bukka, an rufa masa zane. Na zauna a ƙasa, Bernice tana jan rigata tana tambaya ko wa aka kawo. Sai da na ga yatsun ƙafarsa suna motsi sannan na iya yin kuka.

Baba Eli, wanda gonarsa ke kusa da wurin, shi ya ba ni labari. Ya ce ya gan shi ya hau dutsen ba takalmi, ya kwanta rubda ciki a kan wani ɗan tudu da bai fi faɗin benci ba, feshin ruwa yana dukansa. Da uwar shahon ta kawo masa sura, sai ya kauce, gansakuka ta kwashe shi. Wani reshe ne ya tare shi a tsakiya, ruwa yana ruri a ƙarƙashinsa. Da suka jefa masa igiya, wai sai ya ce su fara jan kyamarar tukuna. A asibiti an ce hannu ya karye, haƙarƙari biyu sun tsage.

Abin da ya fi ba ni tsoro ba faɗuwar ba ce. Jiya Pasto ya zo yi masa addu'a, yana fita Zamani ya ce mini yana jin hannunsa ya girgiza sa'ad da ya danna, kuma 'ya'yan shahon sun kusa tashi, wato yana son ya koma ya sake ɗauka. Ya ce da hagu ma ana ɗaukar hoto. Na tuna masa cewa ruwa ba sa'an kwando ba ne, ya yi dariya har ciwon ya tsayar da shi. Yanzu ko ƙarar jirgi na ji daga tasha, sai in ji kamar rurin ruwan nan ne.

Ga fim ɗin nan na haɗo da wannan takarda, shi ya matsa a aiko. Na gaya masa zan rubuto maka, ya ce kai za ka gane shi. Ban roƙe ka ka yi masa ƙarya ba. In hoton bai fito ba, ka faɗa masa, ka nuna masa gyaran da mutum zai yi yana tsaye a kan ƙafafunsa. Amma ka rubuta masa a fili cewa kai, yayansa, ka hana shi hawan dutsen nan. Ni ya ji tawa ya ajiye, ta Mama ma haka. Taka ce kaɗai ta rage. Ka ba da amsa a jirgi na farko, Yaya, domin jiya na same shi yana koyon ɗaura takalmi da hannu ɗaya.

Ka gaishe mini da Anti Lucy, da Simon, da ƙaramar Regina. Mama ta ce ka tuna 'ya'ya biyu gare ta, ba uku ba. Ubangiji ya tsare mu duka.

Ni ce matar ƙanenka,
Roseline Zamani.