Ƙanen da na bari a Lokoja

Zuwa ga ƙanena Hammadu,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, kai da iyali. Allah Ya ƙara maka ƙarfin jiki, Ya shirya mana zuri'a. Mu nan Argungu lafiya lau, albasa ta yi kyau bana, ƙafar matata Kulu ma ta yi sauƙi har tana fita biki.

Ka san abin da ke cina tun muna da baƙin gashi. Tun ranar da na sauke ka a bakin ruwan Lokoja da buhunan albasa da bandar kifi, na ce ka zauna ka kama mana wuri, na juyo da jirgi ni kaɗai, gidan nan ake cewa na yar da ƙanena. Inna ta rasu tana faɗi. Ƙanwarmu Laure har gobe in mun yi faɗa sai ta tono shi. Kai kuwa ka yi gida, ka yi rumfuna, ka yi jikoki, amma ba ka taɓa buɗe baki ka wanke ni ba.

To, Allah Ya kawo mini shaida! Jikata Adawiyya, wadda ke riƙe mini alƙalamin nan, ta gama karatunta a Birnin Kebbi ta dawo. Muna hira ta ba ni labarin wasu mutanen dā, wai su Finikiyawa, fataken teku ne. Ta ce suna loda jirage da katako da tufafi masu rinin da suke samu daga dodon koɗi, kuma duk gaɓar da suka ga kasuwa sai su sauke ɗan'uwansu ya zauna, don jirgi in ya dawo ya tarar da na gida. Ta ce wani zangon da suka kafa haka, Kartaj, ya girma har ya fi garin da ya haife shi. Hammadu, na yi dariya har da hawaye. Na sa aka kira Laure, na ce a maimaita mata. Ashe abin da aka zage ni a kansa, shi ake koyarwa a makaranta!

Amma ta ƙara da cewa mutanen Kartaj ba su manta tushe ba, duk shekara sukan tura jirgi da kaya gida gaisuwa. Nan ne dariyata ta ragu. Ba na son kayanka. An sa bikin Adawiyya bayan an kwashe albasa, kuma dangi duka za su hallara. Ka zo da ƙafarka, ka tsaya gabansu.

Ka gai da matarka Sakinatu da ɗanka Sunusi da yara duka. Kulu na gaisuwa, Laure ma, ko da yake ta ce kada a rubuta.

Ni na tsufa, ba zan ƙara jira ba. Ka faɗa musu da bakinka: yar da kai na yi, ko kafa ka na yi? Ka amsa mini, Hammadu.

Yayanka,
Abdussamadu