Ƙusoshi Goma Sha Biyu a Gonar Mama

Mkolongo, 21 ga Afrilu

Zuwa ga Mamana,

Ina gaishe ki da kyau, da fatan kina samun sauƙi. Yaya bayan naki? Kina iya zama a kujera yanzu, ko har yau sai a kwance? Ki gaishe min da Kawu Longinus da duk mutanen gidansa na nan Songea. Mu lafiya lau, Baba da Kaka suna gaishe ki.

Mun shuka wake a gonarki ta gangare. Baba ya sare ciyawa ya jera ta layi a kan layi yadda ya saba, ni da Kaka muka haƙa ramukan ngolo masu tare ruwa da ƙasa a gangare, muka rufe ciyawar da ƙasar ta zama kunyoyi kewaye da kowane rami. Ban san aikin yana da nauyi haka ba, don da can bayanki kawai nake bi. Hannuna ya fashe ya warke ya sake fashewa. Maƙwabciyarmu Maman Fulko ta tsaya a bakin gona ta ce, “Ke Osmunda, ngolo ne wannan ko wurin kwanciyar kaza?” Matan da ke gonakin kusa suka yi ta dariya. Na ƙara zurfin ramin.

Akwai wata magana. Kin san bututun da ke kawo ruwa daga rafi yana ta toshewa da jar laka. Kwamitin ƙauye ya ce daga gonakin gangare ƙasar take saukowa, kuma duk gonar da aka samu tana zubar da ƙasa da yawa za a hana nomanta, a dasa itatuwa. Tamu tana cikin waɗanda za a auna. Wata malamar gona, Malama Kapinga, ta zo da ƙusoshi dogaye goma sha biyu ta kafa a kan kunyoyi, takwas a ƙasan gona, huɗu a sama. Kowace ta shafa mata jan fenti daidai inda ƙasa ta tsaya. Idan ruwa ya ci ƙasa, fentin zai rage a sama, sai a auna tsakaninsu da rula. Ta tambayi wanda ya iya rubutu, Kaka ta tura ni gaba ta ce na gama aji bakwai. Aka ba ni rula da littafi. Na so in ce a’a, sai kawai na karɓa.

Ruwa ya kusa ɗaukewa, sai damina mai zuwa za a fara awo sosai. Kada ki damu da gona. Ki sha magani.

’Yarki,
Osmunda

Mkolongo, 14 ga Janairu

Mamana,

Ina gaishe ki, ina gaishe da mutanen gida. Na ji daɗi da Kawu ya aiko cewa kina takawa da sanda. Mun ci Kirsimeti ba ke, tuwon da na tuƙa ya yi gudaji, Baba ya ci haka nan.

Masara ta kai gwiwa. Ruwa kuma ba ya hutawa. Duk safiyar da aka kwana ana ruwa sai na hau gona da rula, ina zamewa, in durƙusa gaban ƙusa ɗaya bayan ɗaya. Na gaji da hawan nan, Mama. Ƙafafuna sun yi faso.

Ƙusoshin ƙasa sun fito da santimita uku. Malama ta ce santimita ɗaya a faɗin eka ɗaya ya kai ƙasa cikin tifa biyar. Na yi lissafin sau uku a bayan littafi ko zai ragu, bai ragu ba. Abin da kwamiti ya yarda da shi bai kai santimita ɗaya ba.

Yanzu zan faɗa miki abin da na ɓoye tun Afrilu. Ba mu gama ngolo ba. Kashi biyu cikin uku muka haƙa, Kaka ta kwanta da tari, ni kaɗai na rage, lokacin shuka yana wucewa. Matan duk suna nasu gonakin, kuma kunya ta hana ni roƙo. Na ce wa Baba ko zai taya ni haƙa. Ya ce tun da aka haife shi bai taɓa ganin namiji a cikin ramin ngolo ba, so nake a riƙa nuna shi a ƙofar coci? Sai ya ja kunyoyi zalla ba ramuka a saman gonar, cikin kwana biyu, ya ce shekara ɗaya ba za ta kashe gona ba. Ƙusoshi huɗu na can sama sun fito da santimita biyar. Ɗaya ma ta karkace.

Akwai ranar da na ɗauki dutse zan buga su su koma. Na daɗe a tsaye da shi. Ba don ina da kirki na ajiye ba, tsoro na ji kada wani ya hango ni daga hanya.

Ki yafe min da na rubuta miki kamar an gama. Na san wannan gonar ce kaɗai taki, da ita kika ciyar da mu shekarar da kofi ya lalace.

Taki,
Osmunda

Mkolongo, 26 ga Fabrairu

Mamana,

Gaisuwa da fatan alheri. Saƙonki ya iso ta hannun Kawu, na karanta wa Kaka sau biyu. Kin ce ba ki yi fushi ba. Da kin yi faɗa ma da ya fi min sauƙi.

Ga abin da ya faru. Malama ta gargaɗe mu kada a taɓa ƙasar da ke kusa da ƙusoshi. Na faɗa wa Kaka, ta ce ta ji. Ran Talata ina wajen niƙa, ta ɗauki fartanya ta tafi noman ciyawa. Kin san hannunta. Duk ramin da ta shiga sai ta kwashe lakar da ta taru a gindinsa ta mayar kan kunya, yadda kowace mace ke yi ba tare da ta yi tunani ba. Da na iso, ƙusoshi takwas na ƙasa sun nutse har fenti, biyu ma ba a ganin fentin. Na zauna a kan kunya na yi kuka, don wa zai yarda ba ni na rufe su ba?

Ran Alhamis Malama ta zo da mutum biyu daga kwamiti. Ta dubi littafina, ta dubi ƙusoshin, ta dube ni. Ta ce, “Yarinya, wa ya kawo ƙasar nan?” Na sunkuyar da kai. Maman Fulko daga gonarta ta ɗaga murya, “Ai ’yar boko ce, da biro ta mayar da ita!”

Kaka ta ce, “Ni ce. Ƙasar daga kasuwa na sayo ta? Ga inda na ɗebo, taku ɗaya.”

Malama ta ce an ɓata mata awon damina guda, dole ta rubuta lambar da ke littafi, santimita uku. Ta buɗe jakarta. Mama, ban san yadda aka yi na yi magana ba. Na ce akwai ramuka shida a gefen ayaba da Kaka ba ta kai ba. Muryata ba ta fita sosai, sai da ta ce in maimaita. Muka je, na tura rula cikin laka har ta taɓa tauri, Malama ta auna faɗin ramin ta yi lissafi a tsaye. Ta sake wani ramin, ta sake wani. Ta ce kusan duk abin da kunya ta rasa yana nan kwance a rami, bai bar gonar ba. Ta yi ’yar dariya ta ce a makaranta ba a koya musu ƙusa a gonar ngolo ba.

Daga nan muka hau sama. Kaka tana gaba da fartanyarta, tana cewa bari ta gyara can ma. Da ta isa ta duba dama ta duba hagu, babu ramin da za ta ɗeba. Ruwa ya yanka kunyoyin Baba gida huɗu, dutse ya fito fari a tsakiya, masarar ta yi rawaya ba ta wuce idon sawu ba. Malama ta auna zurfin kowace yanka da tsawonta. Babu wanda ya yi wasa a nan, har Maman Fulko.

Jiya kwamiti ya yanke. Kashi biyu na ƙasa naki ne, a ci gaba da noma muddin ngolo ne. Kashin sama an hana, za a kawo dashen itatuwa kafin ruwa ya ɗauke. Baba yana wurin. Bai yi gardama ba. Da muka dawo ya ɗauki adda ya tafi duba ciyawar da zai sara a gonar Kaka ta bayan gida, bai dawo cin abinci ba.

Wata mai kamawa lokacin haƙa ngolo ne a gonar Kaka. Na je gidan Maman Fulko da ƙafata na roƙe ta ta kawo mata huɗu, ni kuma in biya su da kwanakin aiki. Ta ce ashe ina da baki. Za su zo.

Idan kin dawo kada ki ce za ki hau har sama, babu abin gani. Wake zai ragu bana, na riga na faɗa wa Kaka mu rage na miya. Ki aiko min da man shafawa na hannu idan Kawu ya samu wanda zai zo nan.

Ki huta lafiya.

’Yarki,
Osmunda