Mijin da Ke Cikin Littafi

Zuwa ga Yayata,

Gaisuwa cikin sunan Ubangijinmu Yesu. Ya yara, ya ɗinki?

Yaya, komai ya canza mini tun ranar da barcin rana ya sace ni a kan kujera, littafin soyayya a ƙirjina. Maigidana ya shigo, wai ya ji ina kiran sunan wani namiji, har da murmushi. Na nuna masa sunan a littafin, wani likita ne da ke son marainiya. Ko kallo bai yi ba.

Ya kai ni wurin faston sabon cocinsu, mai korar aljanu. Fasto ya ce mijin aljani gare ni, shi ya hana ni haihuwa. Aka sa ni azumi, aka shafa mini man zaitun, aka kewaye ni ana ihun "Fita!" har na faɗi. Yunwa ce ta kayar da ni, amma kowa ya yi tafi.

Yanzu ana so ranar Lahadi in tsaya gaban ikilisiya in ba da shaida cewa ya fita. Maigidana ya ce in na ƙi, to ina son wancan mijin ke nan.

Taki ƙanwa.

Auta,

Muna lafiya, mun gode wa Ubangiji.

Ke da tun kina yarinya kike surutu cikin barci? Ni na kwana gado ɗaya da ke, har cinikin takalmi kin taɓa yi.

Na karanta wa baban yara wasiƙarki, muka kwashi gardama. Shi, dattijon ikilisiya, ya ce wadda Ruhu Mai Tsarki ke cikinta aljani ba shi da ɗaki a wurinta. Ni na ce Yesu da kansa ya kori aljanu, kuma na ga maƙwabciyarmu ta samu sauƙi bayan irin addu'ar nan. Har yanzu ba mu shirya ba. Abu ɗaya muka yarda: ke kaɗai kika san abin da ya kayar da ke.

Kin tambayi mijinki abin da yake tsoro?

Ubangiji ya riƙe ki.
Yayarki.

Yaya,

Na gode, a gaida baban yara da yaran.

Na tambaye shi. Ya ce gwajin asibitin da muka yi bara, matsalar daga wajensa take. Tun lokacin ya kasa faɗa mini. Da fasto ya ce aljani ne, sai ya ji ya iya numfashi.

Na riƙe hannunsa, ban yi faɗa ba. Duk da haka ya roƙe ni in ba da shaidar, don mahaifiyarsa za ta zo.

Maganar gwajinsa ba za ta fita daga bakina a cocin ba. Zan je, zan zauna kusa da shi. In an kira ni, ba zan tashi ba.

Taki ƙanwa.