Tela Ya Daina Karɓar Ɗinki

Zuwa ga Mai Kula da Wannan Fili,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ki taimake ni, kuma ina roƙon kada ki jinkirta. Ban saba neman shawara a jarida ba. Wasiƙun da na taɓa aiko muku duk na gyaran kurakuran rubutunku ne. Amma yau abin da ke gabana ya fi ƙarfina, na kasa zaune na kasa tsaye.

Ni tsohon sufeton makarantu ne. Bayan na yi ritaya zaman gida ya gundure ni, ni ma na gunduri mai ɗakina, sai na shiga horon ba da shawara ga masu fama da damuwa, na sami takardar shaida. Yanzu ina aikin sa kai a wata ƙaramar cibiya da ke bayan asibitin unguwarmu. Ɗakin da aka ba ni ɗan ƙarami ne: kujeru biyu, tebur mai gajeriyar ƙafa da na tokare da kwali, fanka mai ƙara, da agogon bango da na sa aka rataye daidai bayan kan baƙo, domin in riƙa ganin lokaci ba tare da na duba hannuna ba. Shugabar cibiyar, wadda nake kai wa rahoton aikina, sa'ar 'yata ta biyu ce. Ta san aikinta, ban musa ba. Baba take ce mini, kuma tana ganin girmana.

Akwai wani bawan Allah da yake zuwa wurina, zan kira shi Tela. Matarsa ta rasu bara bayan doguwar jinya, kuma Allah bai ba su haihuwa ba. Yayarsa ce ta kawo shi, ita ce kuma take rako shi kullum, ta zauna a bencin baranda da jakarta a cinya har mu gama.

An koya mana mu shaida wa kowane baƙo tun ranar farko cewa sirrinsa a rufe yake, sai fa idan rai ya shiga haɗari. Ranar da Tela ya fara zuwa na ga yadda yake ta kallon ƙofa, sai na ga rashin tarbiyya ne in soma gindaya wa mai makoki sharaɗi. Na faɗi rabin farko na maganar, na haɗiye rabi na biyu. Na ce masa duk abin da ya faɗa a ɗakin nan, ko Yayarsa ba za ta ji ba. Ya ce in sake faɗa. Na sake.

Mun daɗe muna zama. Ba mai yawan magana ba ne. Ya ce barci ya ƙaurace masa, abinci kuma ba ya jin ɗanɗanonsa. Wata rana ya ce da ma shi aka ɗauka aka bar ta. Wata rana kuma ya ce ya zama kaya a wuyan Yaya. Ni kuwa sai in gyaɗa kai, in ce ina jin sa. Ban taɓa tambayarsa abin da yake nufi ba. A gidan da na tashi ba a ambaton irin wannan abu da sunansa, kuma ina tsoron in ambata in zama ni na jefa masa shi a zuciya.

A zamanmu na ƙarshe ya shigo kamar ba shi ba. Ya yi aski, ya sa kaya masu guga, fuskarsa a sake. Har ya kalli fankata ya ce, "Baba, ita ma wannan a zaunar da ita a ji damuwarta." Na yi dariya. Ya gaya mini ya gama duk ɗinkin da ke hannunsa, yadukan da bai taɓa ba kuma ya mayar wa masu su, sabon aiki ma ya daina karɓa. Sannan ya lura maɓallin hannun rigata yana lilo. Ya zaro allura da zare daga aljihunsa, ya kama hannuna ya ɗinke shi ina zaune, yana cewa gara ya gyara yanzu kada ya tsinke ba ya nan. Da lokacinmu ya cika ya miƙe, ya tsaya a bakin ƙofa ya ce in ba wani kujerarsa, na yi ƙoƙari, Allah ya saka mini. Na dubi agogo. Akwai mai jira a waje, ni kuma ba na cin lokacin wani. Na ce masa madalla.

A baranda Yayarsa ta tare ni da murna: "Baba, ka ga ɗan naka ya warware ko? Har keken ɗinkin ya ce a kai gidana a ajiye, wai zai huta." Na ce alhamdu lillahi. Na shiga ofishin Shugaba na shaida mata Tela ya sami sauƙi ƙwarai. Ta ji daɗi, ta yaba mini.

Sai da na hau hanyar gida na jera abubuwan nan a raina ɗaya bayan ɗaya, sannan na soma tambayar kaina. Mutumin da zai huta, me ya kai shi raba kansa da kekensa? Tun daga nan ban sami natsuwa ba. Na ba shuke-shuken tsakar gida ruwa, na manta na sake ba su. Na buɗe littattafan horonmu, na rufe, na sake buɗewa. Mai ɗakina ta ce, "Malam, ko ka zauna ko ka fita, sintirin nan naka ya sa ni jiri." Ba zan iya gaya mata dalili ba.

Na fita ɗin. Ƙafata ta kai ni layin shagonsa. Igiyar da yake rataye kaya babu ko ƙyalle, teburin yanka an share shi tas, inda keken yake sai sawun ƙafafunsa a siminti. Shi kuma yana zaune a kan kujerar katako a ƙofar shago, hannuwansa a kan gwiwa. An koya mana cewa idan muka haɗu da baƙonmu a waje kada mu fara yi masa magana, domin kada mu tona masa asiri a gaban maƙwabta. Bai ɗago kai ba. Na wuce, na kai ƙarshen layin, na juyo na sake wucewa kamar mai shirin sata.

Ga inda na tsaya. Idan na tambaye shi kai tsaye alhali kuskure nake yi, na ci mutuncin mutumin da yake ƙoƙarin farfaɗowa, wataƙila ma na koya masa abin da bai yi tunani ba. Idan na gaya wa Yayarsa, na karya alkawarin da na maimaita da bakina, ni da a duk tsawon aikina ba a taɓa kama ni da saɓa magana ba. Idan kuma na koma wurin Shugaba, dole in ce mata rahotona kuskure ne. Na san wannan na ƙarshe girman kai ne, amma da yake gaskiya nake son faɗa, yana nan. In kuwa na yi shiru har ranar zamanmu mai zuwa, ai ya riga ya ce ba zai zo ba.

Lambar wayata tana ƙasa, don Allah kada a buga ta. Ki gaya mini abin da zan yi.

Naki,
Tsohon Sufeto

AMSA

Wa alaikumus salam, Baba Sufeto.

Masu karatu su sani cewa ban jira ranar buga jarida ba. Ina gama karanta wasiƙar na kira Baba. Abin da na gaya masa nake maimaitawa a nan, da izininsa, bayan na sauya abubuwan da za su sa a gane Tela.

Baba, ka tambaye shi, kuma yau. Tambaya ba ta shuka wannan tunani a zuciyar da babu shi. Wanda kuwa yake ɗauke da shi, sau da yawa jira yake wani ya yi ƙarfin halin ambatarsa. Ka kira abin da sunansa, ka ce, kana tunanin kashe kanka? Kada ka nannaɗe tambayar yadda zai gane "a'a" kake son ji, domin yana jin nauyinka, zai ba ka abin da kake so. Idan ya amsa, kada ka razana, kada kuma ka soma wa'azi, ya san hukuncin kamar yadda ka sani. Ka ci gaba a natse: ko ya tsara yadda zai yi, ko ya sa lokaci, ko abin da zai cutar da kansa da shi yana kusa da shi, ko ya taɓa gwadawa, da kuma abin da ya riƙe shi har yau.

Mai yiwuwa ne Tela sauƙi ya samu da gaske. Amma natsuwar da ta sauko farat ɗaya bayan dogon ƙunci, haɗe da sallamar aiki da rabuwa da kaya da godiyar ban kwana, tana iya zama natsuwar wanda ya gama yanke shawara. Ba za ka bambance su daga tsallaken titi ba. In ka tambaya ka yi kuskure, asararka 'yar kunya ce. In ka yi shiru ka yi kuskure, babu gyara.

Damuwarka a kan alkawari tana kan hanya. Ba don riƙon sirri ba, da babu mai zama a kujerarka. Sai dai ka yi alkawarin da ya wuce abin da aikin ya ba ka iko. Ka gaya masa haka da bakinka tun kafin ka gaya wa kowa komai, ka ba shi zaɓin ya shaida wa Yayarsa da kansa kana zaune. In ya ƙi, ka faɗa mata iya abin da zai tsare ransa: kada a bar shi shi kaɗai, a kawar da abin da zai iya cutar da shi, a kai shi ga likita. Sauran abin da ya gaya maka ba nata ba ne, ya zauna a cikinka.

Kafin duk wannan, ka shiga ofishin Shugaba. An ajiye ta ne domin irin wannan rana, kuma wannan kaya ba na mutum ɗaya ba ne. Dokar lokaci da dokar rashin yin magana a titi don kare baƙo aka yi su. Ranar da suka tsaya tsakaninka da ransa, sai su kauce.

Baba ya kira ni daga baya. Ya je wurin Shugaba, suka nemi Yaya, suka tafi shagon tare. Matan biyu suka tsaya daga nesa, shi ya ja kujera ya zauna ya yi tambayar. Tela ya ce e. Yanzu yana hannun likita, yana kwana a gidan Yayarsa. Amma ya aika wa Baba cewa ya ci amanarsa, kada ya ƙara zuwa inda yake. Baba ya tambaye ni ko ya je ya yi masa bayani.

Kada ka je tukuna, Baba. Bayanin zai sanyaya maka rai ne kai, shi kuwa ba shi ne bukatarsa yanzu ba. Yana da dalilin fushi, ka bar masa shi. Haɗarin bai wuce ba, don haka a bar Shugaba ta haɗa shi da wani mai ba da shawara idan ya yarda, ta kuma riƙa tuntuɓar Yaya. Kai ma ka zauna da ita ka sauke abin da ke ranka. Baƙonka na gaba kuma, ka faɗa masa maganar sirri har ƙarshenta. Duk wani mai karatu da ya ji irin nauyin Tela a zuciyarsa, ya faɗa wa wani nasa yau, ya je asibiti mafi kusa.

Wataƙila Tela ya yafe maka, wataƙila kuma ba zai sake gaishe ka ba har abada. Ka yarda da kowanne. Allah ya ba shi lafiya da tsawon rai, ya ƙara wa Yayarsa ƙarfi, kai kuma ya sanyaya maka zuciya.

Mai Kula da Fili