Batirin Taraktata Yana Wuyanka

Zuwa ga Orest, hasken idona, murhun hunturuna, zumar da ta rikiɗe mini ta koma barkono. Kai da nake so kamar raina, kuma da yau za ka leƙo ƙofar nan, da ludayin miya zan tare ka!

Ba za ka samu gaisuwata ba sai ka ji abin da ke cikina. Ka tafi arewa jan tirela a kan tafkin da ya daskare, kamar kowane hunturu, kuma ban taɓa hana ka ba, neman abincinka ne. Amma tafiyar bana daban take, kai ma ka sani, kada ka yi mini fuskar salihai.

Tun da muka fara soyayya, da zarar ganye ya zube kai ke zuwa ka kwantar da 'yar taraktata. Ka juye baƙin mai tun injin na da ɗumi, ka cika tanki da dizal har wuya don kada raɓa ta taru a ciki, ka bi kowace gaɓa da giris kamar uwa na shafa wa jinjiri mai. Ka kifa gwangwani a bakin salansa, ka toshe hanyar ɓeraye, ka danne kuloci da guntun katako don kada ya manne. In na matso leƙe sai ka ce, "Darlene, koma gefe, za ki ɓata rigarki." Ni da na hau tarakta tun ƙafata ba ta kai birki ba! Na ƙyale ka ne don ƙarshen aikin nake jira: ka ciro batir, ka rungume shi a ƙirji, ka kai shi ɗakin ƙasa na gidanka inda sanyi ba zai fasa shi ba. Wa ke yankin nan da bai san ma'anar wannan ba? Namijin da batirin mace ya yi hunturu a gidansa, dole ya dawo da shi da ƙafarsa ranar da ƙanƙara ta narke, ƙasa ta saki.

Ka manta dawowarka ta bara? Agwagin daji na wucewa a sama suna surutu, rufin rumfa na ɗiga, taɓo har idon sawu. Ka ɗaura batir, ka murɗa makulli, ta yi tari, ta yi tari, ta kama. Sai ga ɓera ya faɗo daga ƙarƙashin kujera ya bi ta kan takalminka, ƙaton mutum kamarka ya daka tsalle yana kiran sunan uwarsa! Na yi dariya har na zauna a taɓo, ka ɗago ni, ba ka sake ni da wuri ba. Ranar na san na gama zaɓe.

To bana fa? Bana kirana ka yi, ka damƙa mini sifana. Ka tsaya a kaina kamar malamin makaranta: "In lokaci ya yi ki fara duba matacin iska ko an yi sheƙa a ciki. Ki cire katakon. Jar waya za ki fara ɗaurawa. Ki bar injin ya yi ɗumi kafin ki sa shi aiki." Sannan ka ɗauki batirin, ka wuce motarka ko kallonta ba ka yi ba, ka gangara da shi ɗakin ƙasa na gidana. Nawa! Ka fito kana goge hannu da tsumma, ka ce, "Yanzu ko babu ni za ki iya."

Ko babu kai? Wa ya tambaye ka? Wace rana na ce maka ban iya ba? Ashe duk shekarun nan ka ɗauka makaniki nake nema? Yayata Nettie da ta ga batirin a ɗakin ƙasa cewa ta yi, "Yarinya, sallamar ki aka yi cikin ladabi, har da giris." Na kore ta daga kicin.

Na san abin da ke cin ka, ɗan taurin kai. Tun da ƙanƙara ta fashe da motar abokinka Lorne, ka tsaya a coci ranar jana'izarsa kana kallon matarsa, ba ka sake zama daidai ba. Ka yanke shawara kai kaɗai cewa ba za ka bar wata mace tana jiran ka ba. Wannan shi kake kira tausayi? Ka shirya tarakta ta jure hunturu, ka toshe mata kowace kafa, ni kuma ka bar ni a buɗe iska na shiga! Jiran nawa ne, Orest. Ni na zaɓe shi, kuma ba ka isa ka ƙwace mini ba.

Saboda haka ka buɗe akwatin da direban tankar mai ya miƙa maka tare da wasiƙar nan. Na san ya yi maka mitar nauyinsa. Batirin ne. Ka nemar masa wuri mai ɗumi a masauƙinku, ka riƙa yi masa caji, abokan aikinka su yi ta tsokanar ka, ya yi maka kyau. Na san ana sayar da irinsa a gari, kuma maƙwabta za su ara mini. Ba zan saya ba, ba zan ara ba, na rantse. Dankalina da kabejina su ne cina da shana, amma in ba ka zo ka ɗaura shi da hannunka ba, gonar nan ciyawa za ta ci ta, kowa ya wuce ya gani.

Don haka in ka hau tafkin nan ka tafi a hankali, ka kwance bel ɗin kujera, ka bar ƙofa a sake don ka iya tsallakewa in ta fashe, ka kasa kunne ga kukan ƙanƙara. Ba ranka kaɗai ke cikin motar ba, har da shukata.

Wadda ke fushi da kai, kuma ba ta da wani sai kai, bana da baɗi da abin da ya biyo baya,

Darlene