Rasuwar Hajiya Mai Ƙyalle da Gurbin da Ta Bari a Tsakiyar Bargo

Hajiya Mai Ƙyalle ta rasu. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Cikin alhini da miƙa wuya ga hukuncin Ubangiji, Ƙungiyar Teloli da Masu Haɗa Ƙyalle take sanar da 'ya'yan ƙungiya, da maƙwabtan layinmu, da sauran jama'a, cewa da safiyar Talata ta samu labarin rasuwar Uwar Ƙungiya, Shugabar Kwamitin Amintattu, kuma malamar da yawancinmu muka koyi riƙon allura a hannunta, bayan jinyar wata huɗu a asibiti.

Shekara goma sha tara da suka wuce, duk abin da almakashinmu ya zubar, rafin da ke bayan shagunanmu muke kai wa, har ruwan ya tsaya cik, ya yi baƙi, ya koma gidan wari da sauro. Marigayiya ba ta yi wa kowa faɗa ba. Buhu ta rataya a ƙofar kowane shago domin tara guntayen yadi, ta kuma hana a kira su tsumma a gabanta, domin a wurinta ƙyalle ne da bai samu wurin zama ba tukuna. Duk wanda bakinsa ya suɓuce, tararsa ita ce ya zauna ya zura mata zare a allura goma, kuma mai wannan rubutu ya biya tarar nan fiye da kowa.

Babban aikinta shi ne bargon nan mai tsawon yadi goma sha biyu, wanda ta zana rafin a jikinsa, da gadarsa, da bishiyoyinsa, da jerin shagunanmu. Ba da sabon yadi ta yi shi ba. Da sanda ta riƙa tsamo guntayen daga cikin taɓo, ta wanke, ta shanya, ta haɗa su da hannu. Ranar da ta rataya shi a jikin gada, kowane tela ya gane yankan shagonsa, babu wanda ya iya haɗa ido da ɗan'uwansa, kuma daga nan buhuna suka fara cika. Sai dai tsakiyar bargon, inda ruwa zai zauna, a buɗe ta bar shi, ta ce ba za ta ɗinka shuɗi ba sai ruwan ya yi haske da gaske, domin allurarta ba ta ɗinka ƙarya.

Tun da na gama ajin yamma na manya, da furfurata, ta ɗora mini aikin ɗebo ruwan rafin a kwalba farkon kowane wata, in rubuta kwanan wata a jiki in kai mata. Takan ɗaga kwalbar saitin taga, ta girgiza kai, ta miƙo mini. Ranar Lahadin nan na je ɗiba da jikokina, sai na ji sun kaure da ihu: ƙananan kifaye ne, sun fi a ƙirga, a ƙarƙashin gada! Ni da gwiwa ke damuna, ban san lokacin da na tsuguna ba. Na cika kwalba. Litinin likita ya hana shiga wurinta. Ranar Talata Hajiya ta cika, ba ta gani ba.

Babbar 'yarta ta tarar da shuɗin ƙyalle a aljihun keken ɗinkinta, an yanke shi daidai da gurbin, da allura soke a gefe, an riga an zura mata zare. Mun kasa taɓa shi, tun da wadda za ta ce ruwa ya yi ba ta nan. Sai muka kai wa 'yar tata kwalbar. Ta ɗaga ta saitin taga yadda mahaifiyarta ke yi, ta daɗe tana kallo, sannan ta miƙo mana ƙyallen da hannu biyu.

A madadin Shugaban Ƙungiya, da Kwamitin Amintattu, da dattawan layi, muna miƙa ta'aziyyarmu ga 'ya'yan marigayiya, da jikokinta, da ƙannenta, da surukanta, muna roƙon Allah Ya gafarta mata, Ya haskaka makwancinta, Ya sa aikin hannunta ya zame mata sadaka mai gudana, Ya ba iyalanta haƙurin jure wannan babban rashi.

Ranar Asabar da hantsi za a shimfiɗa bargon a bakin gada a rufe gurbin, kowa zai soka allura sau ɗaya, 'ya'yanta ne za su fara. Ku zo da yaranku, ku zo da tsofaffinku. Kafin ku karɓi allura, ku leƙa ƙarƙashin gada tukuna. Ku zo ku gani da idonku.

Sa hannu:
Baba Mai Almakashi
Jami'in Hulɗa da Jama'a,
Ƙungiyar Teloli da Masu Haɗa Ƙyalle